Faratan Takwarata

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Littafin awo ne wannan, amma rabinsa na baya fari fat yake, kuma Rediyo ta ce in riƙa sauke abin da ke raina a takarda maimakon in sauke shi a kan masu kawo ɗinki. Rediyo babbar 'yata ce. Ba ni na raɗa mata sunan ba, maƙwabta ne, kuma ba su zalunce ta ba.

Da azahar na rufe shago na je gidan Auta ganin takwarata. Yau kwananta tara a duniya. Auta shi ne ƙaramin ɗana, ko da yake yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagona, kuma shi ya nace a sa wa yarinyar sunana. Matarsa Malama, mai koyar da lissafi, kunya ta hana ta kiran sunan, sai dai ta ce "Mama ƙarama". Ni kuwa Takwara nake ce mata, kuma na ja mata kunne tun yanzu kada ta gaji bakina.

Na tarar ta yakushe fuskarta, layi uku ja a kumatu. Malama na zaune da wani ɗan abin yanke farce na jarirai, ta kasa yankewa. Na ce, "Ke 'yar nan, ajiye ƙarfen nan. A gidanmu ba a kai wa jariri ƙarfe a yatsa. Je ki sha shayinki." Shekara arba'in ina yanke zare da haƙori, ban taɓa ɓata ƙyallen kowa ba. Haka uwata ta yi mini, haka na yi wa 'ya'yana biyar. Na kama hannun, na bi faratan ɗaya bayan ɗaya da haƙorin gaba, masu laushi kamar ɓawon albasa. Da na zo manuniyar hagu ta fizge, na ɗan haɗa da fata, jini ya fito bai fi kan allura ba. Na tsotse shi, ta yi shiru. Malama na tsaye bakin ƙofa da kofi a hannu, ta ce, "Kai Mama, har kin gama?" Na ce ta zuba ido ta koya.

Leɓena na sama na ta tsikara tun safe. Gajiya ce. Riguna shida ke jirana kafin Asabar.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ƙurajen zazzaɓin nan sun feso, 'yan mitsi-mitsi masu ruwa, a gefen leɓe inda suka saba. Tun ina yarinya suke zuwar mini, sau biyu ko uku a shekara, in na sha rana ko na kwana biyu ban huta ba. Na biya na kai wa Takwara 'yan rigunan da na ɗinka mata. Barci take, ban ɗauke ta ba. Malama ta ce, "Mama, bakinki." Na ce tsohon baƙo ne, ya san hanyar komawa.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yatsan Takwara ya yi ja, da ɗan ƙurji a gefen farce. Malama ta damu. Na ce haihuwar fari ke nan, ko ƙuda ya sauka a kan yaro sai uwa ta nemi likita. Na shafa mata mai.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Auta ya kira. Wai ba ta kama nono sosai, barci kawai take. Na ce a bar ta ta huta.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Muna asibiti tun goma na safe. Jikinta zafi rau, ga shi ta yi laƙwas, ko kukan kirki ba ta iyawa. Ƙurjin yatsan ya fashe ya zama gyambo.

A ƙofar ɗakin jarirai nas ta miƙa wa kowa takunkumin fuska. Na ɗaura nawa tun kafin ta gama bayani, har ta ce da ma kowace kaka haka take. Leɓen ya riga ya yi ɓawo, amma ana gani.

Likitar mace ce, siririya, mai tabarau, ba ta kai Rediyo shekaru ba. Ta juya yatsan, ta ce ya yi kama da ciwon da datti ke kawowa, za su fara maganinsa. Sai ta ɗago ta yi tambayoyi. Ko an sha wuya wajen haihuwa. Ko wani a gida yana mura. Ko cikin masu ɗaukar yarinyar akwai wanda ƙuraje suka fito masa a leɓe kwanan nan.

Auta ya ce shi dai rabonsa da su tun bara. Malama ta juyo ta dube ni.

Ban ce komai ba. Ina gyara igiyar takunkumi a bayan kunne.

Me ya haɗa leɓe da yatsa? Haka na yi ta tambayar kaina a mota har gida.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Da na iso da safe na tarar an canja komai. An ƙara wani sabon magani ta jijiya, kowane awa takwas. An goga auduga a gyambon an tafi da ita gwaji. An naɗe Takwara kamar ƙullin kaya, an soka mata allura a gadon baya an ɗebo ruwa. Ban gani ba, a baranda nake, amma na ji muryarta. Ni da nake kwana da allura nake tashi da allura, sai da na toshe kunne.

Na tambayi nas me ya sa aka canja shawara daga jiya zuwa yau. Ta ce likita ce ta sani.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ta yi jijjiga sau ɗaya. Hannun hagun ne ya fara.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sakamako ya fito. Ƙwayar cutar na cikin yatsan, tana kuma cikin ruwan da aka ɗebo a baya, wato ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kwana ashirin da ɗaya za a yi ana maganin nan ba fashi.

Auta ya fita amsa waya, Malama na ciki, sai likita ta zo ta zauna kusa da ni a benci. Ta ce, "Kaka, ko in yi miki bayanin abin?" Na ce ni tela ce, ta yi a hankali.

Ta zana fuska a bayan wata takarda, ta ɗiga alƙalami kusa da kunne. Ta ce sunan ƙwayar hapis, kuma cikin mutum uku wajen biyu suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su ma sani ba. Tun ana yara ake ɗauka, a sumba, a cokali, a yawun babba. In ta shiga ta fatar leɓe sai ta bi jijiyar fuska ta hau, ta je nan inda ta ɗiga ta kwanta. Ba ta fita har abada, ba maganin da ke fitar da ita. In mutum ya gaji, ko ya yi zazzaɓi, ko rana ta dake shi, sai ta farka ta biyo jijiyar nan ta sauko wuri ɗaya da na da. Ga babba, ƙuraje ne na mako guda. Ga jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa jiki bai san faɗa ba tukuna, sai ta wuce fata ta shiga jini, ta shiga kai.

Na ce, "To ai sai ƙurajen sun fito ake ɗauka."

Ta ce, "A'a, Kaka. Tun leɓe na tsikara tana cikin yawu. Wani lokaci ma ba tsikarin komai."

Ta bar mini takardar a hannu, tana kallona. Ina jin minti guda muka yi a haka. Na ce Allah ya saka mata da alheri, zanenta ya yi kyau.

Ban ce komai ba.

Lahadi, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kamar allurar da ta ɓata a katifa. Shekara sittin ina kwana a kanta.

Uwata ma tana da shi, yanzu na tuna. Gefen hagu. Takan tauna abu ta sa mini a baki in ba ni da lafiya.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Rediyo ta shigo shago ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ture yadin da nake yanka ta zauna a kan teburin.

"Mama, kin san an ɗebi jinin Malama?"

Na ce asibiti ne, aikinsu ke nan.

"Ba shi ba. Cutar nan iri biyu ce, na tambaya. Akwai ta baki, akwai ta ƙasa, irin wadda ake samu wajen kwanciya. Kuma yawancin jarirai wajen haihuwa suke ɗauka, daga uwa. Shi ya sa likita ta fitar da Auta ta yi mata tambayoyi ita kaɗai."

Na ce ta sauka daga kan yadin mutane. Na ce bakinta zai kai ta inda ƙafarta ba za ta iya dawo da ita ba. Na daka mata tsawa sosai, har mai shagon gefe ta leƙo. Rediyo ta tashi tana cewa ita dai abin da ta ji ta faɗa, kuma ta riga ta gaya wa Auta don kada ya zama shi kaɗai ne bai sani ba.

Duk faɗan da na yi, abu ɗaya ne zai rufe mata baki, kuma shi ne ban faɗa ba.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Zazzaɓin ya sauka. Ta sha nono kaɗan ta roba. Alhamdu lillahi.

Auta ba ya shiga ɗakin in Malama na ciki. Yakan kawo kwanon abinci ya ba nas ta miƙa. Yau na gan su a baranda, ita tana masa bayanin awon da aka yi da safe, shi yana kallon wayarsa. Ta gama, ya ce "To." Wannan yaron da ya yi wata uku yana damuna da zancenta kafin aure, har na ce in ya ƙara ambatar sunanta zan ɗinke masa baki.

Ya raka ni bakin titi. Ya ce, "Mama, ni ban taɓa sanin wata mace ba sai ita. Kin san ni."

Na ce, "Kada ka yanke hukunci kafin takarda ta fito."

Ya ce an aika jinin wani wuri, sai mako mai zuwa.

Mako guda. Na ce a raina takarda za ta wanke ta, ba sai na buɗe baki ba. Na ji daɗin wannan tunanin, shi ne abin kunyar.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Leɓen ya warke sarai, ko tabo babu. Har yanzu ina sa takunkumi tun daga bakin titi.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ɓata rigar wata mata. Na yanka hannu biyu duk na dama. Ta yi ta masifa, na tsaya ina kallonta, ni da ba a taɓa gaya mini biyu ban mayar da biyar ba. Har ta tsorata ta ce ko lafiya.

Na kai zare baki zan yanke, na kasa. Na nemi ƙaramin almakashi na fi minti goma, ashe yana ƙasan akwatin maɓallai, ya yi tsatsa.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Jijiyar hannun Takwara da ake sa magani ta toshe, sun koma ƙafa. An aske mata gefen kai ko za a buƙaci nan ma.

Malama ta rame, wuyanta ya fito. Kwana tara ke nan tana kan kujerar roba. Na ce ta je gida ta yi wanka ta miƙe ƙafa, zan zauna. Ta ce, "A'a Mama, na gode." Na sake cewa. Ta ce, "Na gode, Mama," tana gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

Ba ta taɓa bar mini yarinyar ba tun da muka zo. Sai yau na lura.

Matan gidansu sun zo, ƙanwar babanta da wata. A baranda na ji ƙanwar uban tana cewa a waya, "Dangin mijin ne ke yaɗawa, wai daga wajenta ne." Da ta gan ni ta gaishe ni har ƙasa. Na amsa.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Gobe zan faɗa.

Lahadi, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban faɗa ba. Auta ya zo da ciwon kai.

Ƙarya nake. Ko da ya zo da lafiyarsa ba zan faɗa ba. Tsoro nake ji. Ba tsoron faɗansa ba, ni na haife shi. Tsoron ya dube ni yadda yake duban matarsa.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Takarda ta fito. Likita ta tara mu mu uku a ofishinta. Ta ce jinin Malama bai nuna ta taɓa haɗuwa da ƙwayar nan ba, ko ta baki ko ɗaya irin. Ta ce shi ya sa ma abin ya yi wa yarinyar tsanani, don uwar da ta taɓa yi takan ba ɗanta 'yar garkuwa tun yana ciki, ita kuwa ba ta da abin bayarwa. Ta ce wadda aka samu a jikin yarinyar irin ta baki ce, kuma alamu sun nuna bayan haihuwa ta shiga, ta yatsan nan.

Auta ya rufe fuska da hannu. Ya juya wajen Malama zai yi magana, ta miƙe ta ce lokacin ba da nono ya yi.

Na bi ta. Na same ta a ɗan ɗakin da iyaye mata ke wanke kwalabe, ta ba ni baya. Na cire takunkumin. Na ce, "'Yar nan, akwai maganar da zan gaya miki."

Ta ce, "Na sani, Mama."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da wanke kwalbar.

"Ina bakin ƙofa ranar da kika yanke mata farce. Ranar Juma'a kuma na ga bakinki. Ban san suna da haɗi ba sai da likita ta yi tambaya. Na dube ki, na ce Mama za ta faɗa. Na kwana ina cewa da safe za ta faɗa. Da gari ya waye na ga numfashin yarinyar ya canja, sai na je na gaya wa likita da kaina. Shi ya sa aka canja magani."

Na ce, "To me ya hana ki gaya wa mijinki? Kina ji ana jifan ki da wannan magana."

Sai a nan ta juyo. Idonta a bushe.

"In ce masa me? Uwarka ce? Ina zaune a asibiti ana zargina, in buɗe baki in ce uwarka ce, wa zai yarda? Ko ya yarda, da wane ido zai ƙara kallona? Ba daga bakina ya kamata ya ji ba." Ta ajiye kwalbar. "Farcen ban riƙe ki da shi ba, Mama, wallahi. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, ina tsaye ina yaba miki. Kwana goma sha biyun nan ne."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Da kin faɗa jiya."

Ta ɗauki kwalabenta ta fita. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 23 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na tare likita a baranda. Na ce ta gaya mini gaskiya, daga yammacin Laraba da ta yi tambaya zuwa safiyar Alhamis da aka fara maganin, da na yi magana a take, da abin bai kai kai ba?

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce ba wanda zai iya sani. Ta ce mai yiwuwa ta riga ta kai tun kafin mu zo. Ta ce a cutar nan dai kowane awa yana da daraja, ba za ta ɓoye mini ba.

Na ce ashe ranar Asabar da ta zauna ta yi mini zane ta riga ta sani.

Ta ce, "Na ga kamar kina neman ƙofa ne, Kaka."

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na kira Auta shago. Na rufe ƙofa, na zaunar da shi a kan kujerar masu jiran ɗinki. Ban yi kwana-kwana ba, don na san in na fara zagaye ba zan iso ba.

Ni ce. Ni na sa mata. Da bakina, ranar Laraba uku ga wata, ina yi wa matarsa gorin ba ta iya ba. Kuma na sani tun ranar da likita ta yi tambaya, ko ban sani duka ba na san isasshe. Na bar shi ya yi kwana tara yana miƙa wa matarsa abinci ta hannun nas.

Ga shi na rubuta.

Bai yi faɗa ba. Ya kai yatsa ya taɓa gefen leɓensa, inda nasa ke fitowa. Ya ce, "Ni ma ke ce?" Na ce ina jin ni ce. Ya daɗe yana kallon keken ɗinki.

Ya ce, "Mama, na tambaye ta ko akwai wani kafin ni. A baranda na tambaye ta, 'yarmu na ciki da allura a ƙafa. Ranar da na raka ki titi na gaya miki abin da ke raina. Da kalma ɗaya daga bakinki ta isa."

Na ce na sani.

Ya tashi, sai da ya sunkuya a ƙofa kamar kullum. Bai ce sai da safe ba.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na gaya wa Rediyo, na ce ta bi duk gidan da ta kai waccan maganar ta kai wannan. Karon farko a rayuwarta da aka ba ta labari ta rasa bakin ɗauka. Ta yi kuka. Na ce ba kuka na aike ta ba.

Ni da kaina na je gidan ƙanwar baban Malama. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce Allah ya kiyaye gaba. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Asabar, 27 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ban je asibiti ba kwana uku. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ya kira ni.

Litinin, 29 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Rediyo ce ke kawo mini labari yanzu, an samu amfaninta. Takwara na kama nono da kanta. Ta ƙara nauyi. Auta ya kwana biyu yana zama a ɗakin, wai jiya shi ya riƙe kofi Malama ta sha shayi, amma ba ta cika yi masa magana ba. Za a sake ɗebo ruwan baya kafin a sallame su. Bayan nan wata shida tana shan magani a gida. Hannun hagun ba ya damƙa kamar na dama. Likita ta ce sai ta fara zama da rarrafe za a san abin da ya rage.

Wai faratan sun sake tsawo, ta fara yakushin fuska, kowa na tsoron taɓa yatsun.

Na zauna ina kallon kwandon ƙyallaye. Akwai ragowar farin yadi mai laushi na rigunan da na yi mata. Safar hannu ta jarirai, ɗinkin minti goma ce. Na yi wa 'ya'yan mutane ita ba adadi. Ranar nan da na tarar da layi uku a kumatunta, abin da ya kamata in yi ke nan, yana cikin kwandon nan tun lokacin.

Na yanka guda shida. Na mayar da ɗinkin ta waje don kada ya goge ta.

Alhamis, 1 ga sabon wata, ƙarfe biyu na rana

Ruwan ya fito ba ƙwayar. Gobe za su koma gida.

Asabar, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ya turo saƙo da safe, kalma huɗu: "Mama, kina iya zuwa."

Na yi wanka, na duba leɓena a madubi ta kowane gefe, na sa takunkumi duk da haka. Na tarar da su a falo. Takwara na kan cinyar uwarta, gefen kai a aske, idonta biyu, tana kallon fanka. Ta yi haske. Yatsan ya warke, sai ɗan tabo a gefen farce. Na zauna a kujerar da ta fi nisa, na sa hannuwana a ƙarƙashin mayafi. Na ce, "Takwara, kin ba mu tsoro."

Malama ta gaishe ni kamar yadda ta saba, har da tambayar shago. Auta na tsaye jikin taga.

Na fito da safar hannun daga jaka na miƙa. Ta ba Auta yarinyar, ta karɓa da hannu biyu. Ta juya su, ta duba ɗinkin, ta ce sun yi kyau. Sai ta kama bakin zaren da ya ɗan fito a gefen ɗaya.

"Mama, da me kika yanke zaren?"

Na ce, "Da almakashi. Duka shidan."

Ta gyaɗa kai. Na ga ta yarda. Ta tashi duk da haka ta shiga kicin da su, ta ɗauko roba da sabulu, ta ɗora butar ruwa a wuta. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ta tsaya ranar nan da kofinta. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye, ta sake sa sabulu.

Da ruwan ya tafasa ta duba hagu da dama, hannunta duk kumfa. Na shiga na sauke butar.

Ta matsa mini kaɗan. Ni na zuba mata.